Lambun Tsakar Gida: Fulawar Nan Mai Farin Gashi Ba Ƙishirwa Ce Ta Kashe Ta Ba

Assalamu alaikum. Wasiƙun wannan watan kamar an haɗa baki, uku daga ciki duk a kan dangin shuka ɗaya suka faɗo. Na ajiye tambayoyin gwanda da na zogale sai fitowa ta gaba, masu su a yi mini afuwa.

TAMBAYA: Baba, ina gaisuwa. A watan Janairu na sayi wata fulawa tukunya uku wajen masu sayar da furanni a bakin titi a Nasarawa. Ganyenta fari ne kamar an barbaɗa masa gari, gefensa a tsattsage, in ka shafa sai ka ji laushi kamar auduga. Mai sayarwar ya ce sunanta dasti mila. Ta yi kyau har bazara ta wuce. Da damina ta kankama sai ganyen ƙasa suka fara baƙi, ta yi yaushi. Na ƙara mata ruwa safe da yamma, na zuba mata takin zamani, amma cikin Agusta biyu suka mutu. Saura ɗaya, ita ma tana jin jiki. Ina na yi kuskure? Daga wata uwargida a Hotoro.

AMSA: Hajiya, ina amsawa. Ki yi haƙuri da abin da zan faɗa: hidimarki ce ta kashe su. Kada ki ji kunya, don ni da nake ba ki amsa tukunya goma sha ɗaya na binne a damina ɗaya. Na jera su gwanin sha'awa a jikin bangon ɗakin uwargidana, ban ɗaga kai na duba sama ba, ashe daidai saitin indararo na ajiye su. Ruwan dare biyu ya gama da su. Da na tumɓuke ɗaya, saiwar ta yi baƙi ƙirin, ta yi laɓo-laɓo, tana wari kamar kwata. Har yau in muka yi saɓani a gida sai an tuna mini da indararon.

Sunan da mai sayarwar ya gaya miki daidai ne. Ma'anarsa a Turance mai niƙa da gari ya bulbule, kamar yaron injin niƙa na unguwarku in ya fito da yamma fari fat har gira. Masana tsirrai suna kiranta Jacobaea maritima, a tsofaffin littattafai kuma za ki ga Senecio cineraria. Asalinta gaɓar tekun Bahar Rum, wajen Italiya da kudancin Faransa da bakin Arewacin Afirka, inda take fitowa a tsagar duwatsu da rairayin bakin teku. Abin lura a nan shi ne yanayin can kishiyar namu ne. Su ruwansu da sanyi yake sauka, lokacin zafinsu kuwa ƙasa a bushe take ƙayau. Mu kuma zafi da ruwa tare suke zuwar mana daga Yuni zuwa Satumba, Agusta ya fi kowane wata jiƙa. Zafi haɗe da laima abu ne da kakanninta ba su taɓa sani ba.

Wannan farin gashin da kika shafa shi ne takardar shaidarta. Yana mayar da hasken rana don kada ganyen ya ƙone, yana kuma tare iska don kada ta kwashe ɗan ruwan da ke ciki. Rawanin Buzu ke nan. Shukar da kika gani da irin wannan gashin, galibi daga ƙasar ƙarancin ruwa ta fito. Matsalar ita ce gashin da ke hana ruwa fita shi ne kuma ke riƙe shi in ya jiƙe. Ganyen sai ya kwana da danshi, funfuna ta samu wurin zama, ƙasan tukunyar kuma ta cika da ruwa har saiwa ta rasa iska ta ruɓe. Saiwar da ta ruɓe ba ta jan ruwa, don haka ganye ya yi yaushi kamar mai jin ƙishirwa. Ke kuma da kika ga yaushi sai kika ɗauko buta. Nan ne tarkon yake, kuma kusan kowa ya faɗa.

Yanzu ga tukunya ta ukun da ta rage miki. Yau ɗin nan, ba gobe ba, ki ɗauke ta ki kai ta ƙarƙashin baranda ko rumfar kwano, inda rana za ta same ta da safe amma ruwan sama ba zai doke ta ba. Ki kife tukunyar a tafin hannu ki zaro ta da ƙasarta, ki duba saiwar. Fara mai ƙarfi ki bari, baƙa mai laushi ki yanke da almakashi. Ki tsinke duk ganyen da ya yi baƙi, har waɗanda suka zube a gindi, don su ne ɗakin kwanan cutar. Sai ki sake mata ƙasa: kashi biyu yashi mai tsakuwa irin na gini, kashi ɗaya ƙasar lambu, da ɗan tafi guda na dakakken gawayi. In kina da takin awaki da ya shekara ya zama kamar ƙasa, ki barbaɗa kaɗan. Takin zamani kuwa ki ajiye wa masara. In ya yi mata yawa sai ta yi tsawo ta yi sanyin jiki, farin ya dusashe ya koma kore, wato abin da kika saye ta dominsa ya tafi. Inuwa mai yawa ma haka take yi mata.

Tukunya kuma, ni dai ba na ƙaunar ta roba ga wannan shukar. Ki sa a samo miki tukunyar ƙasa irin tamu, wadda jikinta ke tsattsafo da ruwa kamar randa, a huda gindinta da ƙusa a hankali, huda uku ko huɗu. Ki ɗora ta a kan bulo biyu don ruwa ya samu hanyar wucewa, gara ma ba za ta samu tsani ba. Kafin ki ba ta ruwa ki tura yatsa cikin ƙasar har gaɓa ta biyu. In kin ji sanyi, ki mayar da butar. In kin ji a bushe, ki zuba a gindi, ba a ka ba, kuma da safe, har ruwan ya ɓullo ta ƙasa. Da hunturu nawa sukan yi kwana huɗu ko biyar ban waiwaye su ba. Watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40 nakan duba su kullum, in kuma ja su inuwa daga azahar.

In Allah ya sa ta farfaɗo, ki jira ruwa ya ɗauke. Ƙarshen Oktoba ki yanko rassa masu tsawon yatsa, kamar santimita 8 zuwa 10, ki cire ganyen ƙasa, ki bar su a inuwa rabin yini bakin yankan ya ɗan bushe, sannan ki soka a yashi mai ɗan danshi. Ba duka ke kamawa ba. Ni in na soka goma na samu shida, godiya nake. In iri kika samu, kada ki rufe shi da ƙasa, yana buƙatar haske kafin ya tsiro. Ki barbaɗa a sama ki danna da tafin hannu, cikin mako biyu za ki ga alama. Mu a Kano Oktoba ne farkon shekarar wannan shukar, hunturu ne sallarta, damina kuwa lokacin ɓuya.

Ba ki tambayi fure ba, amma na san za ki tambaya. Takan yi shi a shekara ta biyu, ƙanana rawaya a dunƙule a kan dogon kara. A wajena sau ɗaya tak ta taɓa yi, kuma gaskiya bai kai ganyen kyau ba. Masu lambu da yawa yanke shi suke tun yana huda don shukar ta cika ta yi dumɓu.

Abu na ƙarshe, kuma kada ki ɗauke shi da wasa. Akwai guba a jikinta mai lalata hanta a hankali, ga mutum ga dabba. Ba ta shayi ba ce, ba ta jiƙo ba ce. In kina ɗaure ragon layya a tsakar gida, ki ɗaga tukunyar sama.

TAMBAYA: Malam, ƙurar hunturu ta mayar da dasti mila tawa ja. In wanke ta? Daga wani ɗalibi a Kabuga.

AMSA: Ɗana, kada ka wanke. Ka sami burushin fenti sabo mai laushi, ko gashin kaza, ka kaɗe a hankali da rana lokacin da ganyen yake a bushe. In ka watsa ruwa ƙurar za ta zama taɓo ta manne a cikin gashin, sai dai ka jira sabon toho. In ka ga ta koma kore bayan ta jiƙe kada ka tsorata, da ta bushe farinta zai dawo.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Na sayo tazargade a kasuwar Kurmi, na murje shi na shuka garin a bayan gida har sau biyu, ko ɗaya bai fito ba. Ina so in riƙa dafa wa yara in zazzaɓi ya kama su, tunda an ce daga shi ake yin maganin maleriya na asibiti. Yaya ake noma shi? Daga wani magidanci a Gwammaja.

AMSA: Alhaji, barka kadai. Tambayarka biyu ce, kuma ta biyun ta fi damuna.

Na noman tukuna. Wanda ake sayarwa a Kurmi busasshen ganye ne da kara, galibi an yanke shi kafin irin ya ƙosa, ko ya daɗe a buhu har ya mutu. Ni ma na gwada, abin da ya fito mini ciyawa ce. Sai ka nemi iri na gaske ko dashe daga wanda yake da shi a raye. Tazargade ɗan gidan Artemisia ne, gida mai 'ya'ya ɗaruruwa, su kuma duka suna cikin babban dangi guda da fulawar da Hajiya ta tambaya a sama. Dangin nan ya haura iri dubu 20, kuma kana cin wasu ba ka sani ba: latas ɗin da ake yanka maka a kan kwaɗo, da shuwakar miya, duk 'yan uwa ne. Alamarsu a fure take. In ka fasa abin da kake gani kamar fure ɗaya, za ka tarar ƙananan furanni ne fal a cunkushe a kai guda.

To amma kama da wane ba ta wane. Wanda ake ciro maganin maleriya daga jikinsa shi ne Artemisia annua, ganyensa kore ne, ba shi da farin gashin nan, shekara ɗaya yake yi ya mutu, yakan kai tsawon mutum. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, giram ɗaya ya haura ƙwaya dubu 10, don haka da yashi ake cakuɗa shi a barbaɗa a kasko, a riƙa yayyafi a hankali har ya yi ganye biyar ko shida kafin a dasa. Shi yana son ruwa. Wahalarsa a wajenmu ita ce gajeren yini ne ke sa shi fure, mu kuma yininmu bai cika tsawo ba, sai ka ga ya yi fure tun yana ƙarami bai tara ganye ba. Mai farin gashin kamar siliki kuwa, mai ɗacin tsiya, wannan Artemisia absinthium ne. Yana shekaru a raye, kulawarsa irin wadda na zayyana wa Hajiya ce, yashi da rana da ƙarancin ruwa. A cikinsa akwai sinadarin da in ya yi yawa yakan jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, kuma mai ciki ba ta kusantarsa. In an busar an murje an ƙulla a leda, wa zai rantse maka wanne ne a ciki?

Labarin maganin gaskiya ne. Wata masaniya 'yar ƙasar Sin, Tu Youyou, ita da abokan aikinta suka ware sinadarin artemisinin daga annua a 1972, aka ba ta kyautar Nobel a 2015. Shi ne ƙashin bayan magungunan maleriya da ake kira ACT, waɗanda ake ba ka a asibiti. Za ka kuma tuna 2020, lokacin korona, da shugaban Madagaska na lokacin, Andry Rajoelina, ya fito da wani tsimi na wannan ganyen yana cewa maganin korona ne, har aka kawo wa Najeriya nata kason. A watannin nan kowa a Kano ya zama masanin tazargade. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta yarda a yi maganin maleriya da dafaffen ganyen ba, kuma dalilinta mai kamawa ne. Yawan sinadarin ya bambanta daga shuka zuwa shuka, daga tukunya zuwa tukunya. In abin da yaro ya sha bai kai ba, zazzaɓin zai lafa ka ɗauka ya warke, ƙwayar cutar tana nan a jini, kuma irin wannan shan rabi-rabi ne ke koya mata jure maganin. Shi ya sa na asibitin ake haɗa shi da wani magani na biyu, a sha kwana uku cur.

Iyayenmu sun yi amfani da tazargade, ni ma na tashi da ƙanshinsa a ɗakin kakata a Yakasai, ba zan raina shi ba. Ka shuka abinka don ƙanshi da ado. Amma yaro in jikinsa ya yi zafi, Alhaji, ka kai shi a yi gwajin jini a ranar.

In kuma ganye mai ɗaci kake so a bayan gida wanda ba zai ba ka wahala ba, ka roƙi maƙwabcinka ya saro maka karan shuwaka guda biyu masu kaurin babban yatsa. Ka soka su kusa da inda ake alwala, ita ruwa ba ya yi mata yawa. Kafin wata uku uwargida za ta fara tsinka.