Amsa ga mai tambaya kan canza gilashin gaban V-Boot

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ka ci moriyar motar da ya bar maka. Na karanta tambayarka: Marsandi V-Boot ce ƙirar 1992, tsakuwa ta bugi gilashin gaba a hanyar Zariya, tsagewar ta yi ta tafiya har ta kai gefe, yanzu kana neman shawara ko ka sayi gilashi ɗan Kwatano ko sabo ɗan Chana, kuma wani mai sa gilashi ya ce zai manna maka da silikon cikin rabin awa ka kama gabanka. Na daɗe ina hawa irin wannan motar, kuma an taɓa canza mini gilashinta ina tsaye a wurin, don haka bari in faɗa maka abin da na sani.

Tunda tsagewar ta kai gefe, maganar ɗinki ta wuce. Ana cike ɗan ƙaramin bugun tsakuwa da wani ruwan gam mai haske idan bai fi girman kwabo ba, kuma ba a saitin idon direba yake ba. Naka sai canji. Kafin ka samu sarari, ka daina sakar wa gilashin sanyin AC kai tsaye bayan motar ta sha rana, don shi ke ƙara tura tsagewar. 'Yan Road Safety ma suna tare mota a kan fasasshen gilashi, kar ka ja abin da nisa.

Shi kuwa mai maganar silikon, ka yi masa godiya ka tafi wani wurin. Wannan shi ne abin da ya fi damuna a duk tambayarka, ya fi mini maganar wane gilashi za ka saya. Marsandin da ta gabaci taka, wato W123, da roba ake ɗaura gilashinta, a zagaya da igiya a jawo leɓen robar ciki, shi ke nan. Taka W124 ce, gilashin gabanta manna shi aka yi da jikin ƙarfen motar tun daga masana'anta, da wani baƙin gam mai suna foliyuretan. Idan ya kama, gilashin ya zama wani ɓangare na ƙarfin bodin. Ranar da tsautsayi ya faɗa, Allah ya kiyaye, mota ta kife, yana cikin abin da ke hana rufi ya danne mutane, kuma shi ke hana na ciki ya faɗo waje. Silikon na aikin gini ne da tagar ɗaki. Ba ya da wannan ƙarfin riƙo, kuma irin mai warin tsami ɗin nan yana cin ƙarfe a ƙarƙashinsa. Abin takaici kuma, inda silikon ya taɓa, gam na gaske ba ya kamawa sosai daga baya sai an sha wahalar kankarewa. Ka nemi gam ɗin gilashin mota na Sika ko Betaseal ko Teroson, ka saya da hannunka tare da firamarsa, wato ruwan da ake fara shafawa don gam ya kama, ka duba ranar lalacewar da ke jikin kwalin. Wanda ya kwana biyu a shago cikin zafin Kano yakan daskare tun kafin a buɗe.

Sai maganar gilashin kansa. Mutanenmu suna da imanin cewa duk abin da aka ce ɗan Beljiyam ne ya fi sabo, kuma a kan inji da giya sau da yawa haka ne. A kan gilashi ban yarda ba. An daina ƙera wannan motar tun tsakiyar shekarun 1990, ke nan duk gilashin asali da za a ciro maka daga tsohon bodi ya kai kusan shekara 30 ko fiye yana shan yashi da gogar waifa. Da rana za ka gan shi garau a kasuwar kayan mota ta Kofar Ruwa ko Panteka. Sai ka hau titi da dare fitilar tirela ta dake ka, ka ga haske ya watse ko'ina ba ka ganin gabanka. Ga shi da waya ake yanko shi, gefensa kan samu ƙananan ɓantarewa, kuma daga irinsu sabuwar tsagewa ke tashi. Idan dole sai shi, ka ɗaga shi ka kalli rana ta cikinsa, ka bi gefen da farce, ka duba kusurwoyi ko sun fara yin fari kamar madara. Wannan farin alama ce ledar da ke tsakani ta fara rabuwa da gilashi.

Ni dai zan zaɓi sabo na kamfanin da aka sani. Idan ka samu Sekurit ko Pilkington kuma aljihu zai ɗauka, madalla. Idan babu, Fuyao na Chana ba abin rainawa ba ne, manyan kamfanonin mota na duniya suna saye a wurinsu. Abin gudu shi ne marar suna. Ka duba hatimin da ke kusurwar ƙasa: a samu kalmar Laminated, da harafin E da lamba a cikin da'ira, da 43R, sau da yawa kuma da AS1. Ma'anar Laminated ɗin, falle biyu ne na gilashi da leda a tsakiya, shi ya sa idan ya fashe yake tsayawa a wurinsa maimakon ya tarwatse a fuskarka kamar na ƙofa. Hatimi ana iya buga na bogi, don haka ka ƙara da gwajin ido: ka jingine gilashin, ka kalli turken lantarki ko gefen gini ta cikinsa kana motsa kai. Idan layin yana lanƙwashewa, bar shi, zai gajiyar maka da ido a doguwar tafiya. Ka kuma tafi da lambar shasi, don gilashin mai ƙofa biyu daban yake da na mai ƙofa huɗu. Sa'arka ɗaya, V-Boot ba ta da na'urar jin ruwan sama ko kyamara a jikin gilashi irin na motocin baya-bayan nan, babu wani saitin kwamfuta bayan aiki.

Ranar aikin ka ware yini guda, kar ka aika yaro. Ka tsaya a kansu tun daga cire ƙarafan adon da ke gefe. Na alminiyam ne, maƙalai ke riƙe da su, idan aka ɓamɓare da sukundireba suka lanƙwashe ba sa komawa daidai, kuma samun wasu yanzu aiki ne. A shimfiɗa bargo a kan bonet da dashbod.

Idan tsohon gilashin ya fita, ka ce kowa ya dakata, ka duba bakin ƙarfen da kanka, musamman kusurwoyin ƙasa da saman rufi. A nan tsatsa ke ɓuya a tsofaffin motocin da suka fito daga ƙasashen dusar ƙanƙara, inda ake watsa gishiri a titi. Mai sa gilashi yana sauri, zai so ya shafe gam a kai ya rufe. Kar ka yarda. Gam ba ya kama tsatsa, kuma damina ɗaya ta isa ruwa ya bi ta nan ya jiƙa kafet, ya sauka kan wayoyi, ka koma zarya wajen mai wayarin kana neman dalilin da ba a gano shi. Idan akwai tsatsa, a kira mai gyaran bodi ya goge har ƙarfe ya yi fari, idan ta huda a yi walda, a yi fenti ya bushe, ko da motar za ta kwana biyu a rufe da tamfol. Idan babu, a rage tsohon gam da wuƙa a bar siririn shafi kamar milimita 1 zuwa 2, sabon ya fi kama irinsa. Duk inda wuƙa ta karce fenti a ɗiga firama.

Kafin a matsa gam, a ɗora sabon gilashin a bushe a ga zamansa, a yi alama da tef. Sannan a goge baƙin zagayen da ke gefensa, kar hannu mai maiƙo ya sake taɓa wurin, a ja gam layi ɗaya ba yankewa, mutum biyu su ɗora sau ɗaya.

Wannan gam da laimar iska yake bushewa. A hunturu, da iska ta bushe ƙamas, yana ɗaukar lokaci fiye da na damina, don haka ko an rubuta awa ɗaya ko biyu a kwali, ni zan bar motar ta kwana a inuwa. Ka sauke gilashin ƙofa kaɗan, kar a buga ƙofa da ƙarfi, kar a kai ta wanki mai feshi sai bayan kwana biyu, ka kuma guji hanya mai ramuka. Ka sa sabuwar robar waifa tun ranar. Waifar V-Boot guda ɗaya ce mai miƙewa tana komawa, tana share kusan dukkan gilashin, idan robar ta mutu ko yashi ya maƙale a ciki za ta zana maka baka a sabon gilashi cikin 'yan makonni. A kuma buɗe magudanan ruwan da ke ƙarƙashinta tunda an riga an kwance wurin.

Kar ka cika kuɗin aiki sai bayan kwana biyun, ka zauna a ciki wani ya zuba ruwa da tiyo a hankali daga sama zuwa ƙasa, kana shafa gefen rufi da ƙasan dashbod, sannan ka hau babban titi ka saurari ko iska na fito. Idan ka je kasuwa ka ɗauko hoton hatimin gilashin da aka nuna maka, ka turo nan mu duba tare kafin ka biya.