Dawaki 700 a kan tafin hannu huɗu

Ɗana, tambayar da ka yi mini jiya muna wanke hannu ta daɗe tana yi mini yawo a kai. Ka ce, "Oga, motocin gudun nan da ake kawo mana, masu ƙarfin dawaki 600 da 700, anya ƙarfinsu bai yi wa titi yawa ba? Ina mutum zai kai wannan ƙarfi, ga danja, ga cunkoso, ga masu tsallaka hanya?" Na ce ka bari sai na natsu, domin amsar tsaye ba za ta ishe ka ba, tunda nan gaba kaɗan kai za a riƙa miƙa wa makullan nan ka fita gwaji.

Eh, ya yi yawa, kuma ba kaɗan ba. Ƙaramar mota irin Corolla, wadda ƙarfinta bai wuce dawaki 130 zuwa 140 ba, in ta daidaita a kan kilomita 100 cikin awa a miƙaƙƙiyar hanya, abin da take ci daga injinta bai fi dawaki 20 zuwa 30 ba. Sauran yana ajiye ne don hawan tudu da wuce babbar mota. To ka auna wannan da Bugatti Veyron da ta fito a 2005 da dawaki 1001, mai iya taɓa kilomita 407 cikin awa, ko ƙanwarta Chiron ta 2016 mai 1500. Iska ce ke cinye wannan ƙarfin duka, domin in ka ninka gudu sau biyu, ƙarfin da ake bukata don keta iska yakan ninku sau takwas. Wato an ƙera injin ne saboda gudun da babu titin da doka ta yarda a yi shi, in ka cire wasu sassa na manyan hanyoyin Jamus. Can ɗin ma shawarar hukuma kilomita 130 ce, kuma BMW da Mercedes da Audi sun daɗe suna ɗaure yawancin motocinsu a 250.

Sai dai ƙurewar maleji ba ta cika damuna ba, don mutane kaɗan ne ke samun filin da za su kai can. Abin da ke tsorata ni shi ne saurin ɗaukar wuta. Corolla na bukatar kusan daƙiƙa 10 kafin ta kai 100 daga tsaye. A cikin daƙiƙa goman nan kana jin kukan inji, kana ganin allura na hawa, hankalinka na da lokacin da zai ce maka ya isa. Motar da ke kai wa 100 cikin daƙiƙa 3 ba ta ba ka wannan sararin. Kana tafiya a 50, ka ɗan nutsa ƙafa don ka wuce wani, kafin ka ƙirga biyu ka haura 100. Da yawansu a giya ta biyu suke karya dokar gudu ta babbar hanya, ga sauran giya biyar ko shida na jira. Motocin lantarki sun ƙara dagula lissafin: Tesla Model S Plaid ta 2021 dawaki 1020 gare ta, tana kai wa 100 cikin daƙiƙa biyu da 'yan kai, kuma babu ƙarar da za ta gargaɗe ka.

Yanzu zo mu sunkuya ƙarƙashin motar, nan ne sana'armu take. Shimfiɗa hannunka a kan kwalta. Wurin da kowace taya ke taɓa ƙasa bai fi faɗin tafin hannunka da yawa ba. Dawaki 700 ɗin nan, da birki, da juya sitiyari, duka ta wannan ɗan wurin suke bi, sau huɗu. In motar mai tura ta baya ce, to ƙarfin injin ta tafi biyu kawai yake sauka. Riƙon da taya ke da shi kuwa kamar tsaba ce a cikin mudu ɗaya: in ka kwashe rabi wajen shan kwana, rabi ya rage wa totur. Ka nemi fiye da abin da ke ciki, sai bayan motar ya fara zagayowa yana neman ya riga gaba.

Na gani da idona, kuma ni ke riƙe da sitiyarin. Ina da shekara kusan naka, maigidana ya ba ni wata mai tarbo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska don ya ƙara ƙarfi, mai tura ta baya, in zagaya da ita bayan mun canja mata fulogi. An yi yayyafi da safe, kwalta ta yi duhu amma ruwa bai kwanta ba. Ina fitowa daga wata kwana, gudun bai kai 50 ba, na taka totur kamar yadda na saba taka na ƙananan motoci. Shiru na ɗan lokaci, sai na ƙara nutsa ƙafa. Nan tarbo ya cika, ƙarfin ya zo gaba ɗaya kamar an ɓalle madatsar ruwa, motar ta ƙwace, na tsinci kaina ina kallon inda na fito. Allah ya sa babu kowa a hanyar. Na fi minti biyar a zaune ƙafafuna na rawa kafin na iya tayar da ita. Da akwai yaro a bakin titin nan, da yanzu wani labarin ake ba ka game da ni.

Wannan halin na jinkiri sannan fizga shi ya ba Porsche 911 Turbo ta 1975 sunan da ya bi ta har yau, "mai sa mata takaba". Dawaki 260 ne kacal gare ta, ƙarfin da yau ake samu a motar kai yara makaranta. Amma injinta na can bayan tayoyin baya, tarbonta na zuwa a makare, kuma babu wata na'ura da ke tsakanin ƙafar direba da taya. Jikarta, 911 Turbo S ta 2020, dawaki 650 gare ta, kuma wanda ya samu lasisi bara zai iya zagaya gari da ita lafiya lau. Abin da ya shiga tsakani shi ne kwamfuta. Mercedes da Bosch suka fito da birkin ABS a 1978, wanda ke hana taya ƙamewa in an danne birki. A 1995 suka ƙara da ESP, mai lura da inda sitiyari ya nufa da inda motar ta nufa, in sun saɓa sai ya kama birkin taya ɗaya ya rage wuta, tun direba bai san an yi ba. Daga 2014 duk sabuwar motar da za a sayar a Tarayyar Turai sai da shi.

Alheri ne babba, ya ceci rayukan da ba sa ƙirguwa. Amma yana da wani gefe da nake so ka riƙe. 'Yar fitilar nan ruwan ɗorawa da ke ƙiftawa a gaban direba, mai hoton mota da layuka biyu a karkace, duk ƙiftawarta tana nufin da yanzu motar ta ƙwace ba don kwamfuta ta tare ba. Mai motar ba ya jin komai a jikinsa. Shekara guda yana taka totur yadda ya ga dama, na'ura na share masa kuskure, har ya ɗauka gwanintarsa ce. Ranar da ya danna maɓallin kashe ta don ya burge abokai, ko ranar da ya shiga ruwa kwance da tayar da ta cinye, a ranar zai fara haɗuwa da ainihin motarsa, kuma ba ta san shi ba.

Za ka ji masu motocin na cewa ai birkinsu ya fi na kowa, kuma gaskiyarsu ne. Daga 100 zuwa tsayawa, mota mai kyau a cikinsu kan ci mita 30 da 'yan kai a busasshiyar kwalta, motar yau da kullum kuma kusan 40. Ka ga ribar ba ta kai mita 10 ba. Ƙarfin inji ya ninka sau biyar, birki bai ƙaru da ko rabi ba, domin shi ma ta tafin hannun nan yake bi. Kuma in gudu ya ninku biyu, nisan tsayawa sau huɗu yake ninkuwa. Ga kuma mutum, wanda babu kamfanin da ya taɓa sake masa ƙira: tsakanin ido ya gani da ƙafa ta sauka kan birki akwai kusan daƙiƙa ɗaya. A gudun 100 wannan mita 28 ne da aka ci ba tare da birki ba, a gudun 200 mita 56.

Maganar taya ba ta ƙarewa a wurina. Irin tayoyin da ake ɗaura wa mafi zafin cikinsu, masu ƙarancin zane kamar Michelin Pilot Sport Cup 2, an yi su ne don su yi aiki da zafi. In sun ɗumama suna manne wa kwalta kamar danƙo, in suna da sanyi ko ruwa ya kwanta, tayar ƙaramar mota ta fi su amana. Zirga-zirgar cikin gari kuwa ba ta cika kai su wannan zafin ba. Sannan ga tsufa. Motocin nan a rufe suke kwana su wuni, a shekara ba a yi tafiyar kirki da su, sai ka ga zanen taya cike kamar jiya aka saya, alhali robar ta bushe. Duba gefen tayar, a ƙarshen rubutun da ya fara da haruffan DOT akwai lambobi huɗu: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2318, an yi ta a mako na 23 na 2018. Sa farcen babban yatsanka ka danna. Roba mai rai takan ɗan nutsa ta dawo, wadda ta mutu kamar katako take. A haɗarin da ya kashe ɗan wasan fim Paul Walker da abokinsa Roger Rodas, wanda ke tuƙi, a Kalifoniya ranar 30 ga Nuwamba 2013, masu bincike sun ce Porsche Carrera GT ɗin na gudun tsakanin kilomita 130 da 150 a titin da iyakarsa ke wajen 70, kuma a cikin tayoyinta akwai waɗanda suka haura shekara 9. Motar ba ta da ESP. Rodas kuwa ba ɗan koyo ba ne, mutum ne da ya saba da filin tsere.

Ita kanta motar wahala take sha a gari. Baƙin mai ba ya yin zafin da zai ƙone ɗanyen fetur da raɓar da ke taruwa a ciki, baƙin gawayi na daskarewa a bayan bawul, kuloci na cin kansa a rarrafen cunkoso, batir na mutuwa a ajiye, ƙasan gaba na gogar kowane tudun rage gudu. Rabin aikin da muke yi musu ciwon zama ne.

Masu ƙera su ma sun san da wannan. Dodge ta sayar da Challenger Hellcat a 2015 da makulli biyu: ja mai sakin dawaki 707, baƙi mai tsayar da ita a 500. Kamfanonin Japan sun yi shekaru, daga 1989 zuwa 2004, suna kan yarjejeniyar kada su tallata mota sama da dawaki 280 a ƙasarsu. Volvo ta ɗaure duk motocinta a 180 daga 2020. Wanda ya fi kwanta mini shi ne na jihar Kudancin Ostareliya: daga 1 ga Disamba 2024, duk mai tuƙa motar da ƙarfinta ya kai kilowat 276 a kan kowane tan na nauyinta, wato wajen dawaki 370, sai ya mallaki lasisi na musamman, kuma laifi ne ya kashe na'urorin tsaro a kan titi. Ba su hana motar ba, sun ce a koya kafin a hau. Nan nake tsaye ni ma. Ina son motocin nan, na ƙarar da ƙuruciyata a cikin injinansu, kuma har gobe in aka tayar da mai silinda 12 sai tsigar jikina ta tashi. Wanda ke son ya ji iyakarsu, akwai filayen tsere da ake buɗe wa jama'a, irin Nürburgring ta Jamus mai tsawon kusan kilomita 21, inda kowa ya nufi gefe guda kuma babu mai tsallakawa. Wanda kuma daɗin tuƙi yake nema a hanyar kowa da kowa, Mazda MX-5 ta 1989, da dawakinta 116 da nauyin da bai kai tan ɗaya ba, za ta ba shi abin da Ferrari ba za ta iya ba shi a gudun 80 ba, domin ita yana iya jan giyarta ta ɗaya da ta biyu har ƙarshe bai fita daga dokar babbar hanya ba.

Saura abin da ya rataya a wuyanka. Za a zo maka a ce ka taɓa ƙwaƙwalwar mota ka ƙara mata dawaki 100. Kafin ka jona kwamfuta, tambayi mai ita yaushe ya canja taya da man birki, domin man birki na shan danshi, in ya tsufa yakan tafasa da zafi, feda ta nutse har ƙasa babu kamu. In ya ce wannan ya jira, to ƙarin ƙarfin ma ya jira. In aka ce ka cire ESP gaba ɗaya, ka ce maigidanka ya hana, ka turo shi wurina.

Gobe da safe za mu fitar da jar nan da muka gama wa aikin birki, kai za ka tuƙa, ina gefenka. Kafin ka tayar da ita ka karanta mini lambobin nan huɗu a kowace taya, ka auna iskarsu da sanyi, ka tabbata maɓallin yanayin tuƙi na kan na yau da kullum. Ba za ka wuce rabin totur ba sai allurar zafin baƙin mai ta hau, ba ta ruwa kaɗai ba, kuma ba za ka ƙara wuta ba sai sitiyari ya miƙe a hannunka. In fitilar nan ruwan ɗorawa ta ƙifta ko sau ɗaya, za mu tsaya a gefen hanya ka faɗa mini abin da ƙafarka ta yi.