Me ya nutsar da jirgin yaƙin Birtaniya Audacious a 1914?

Malam, ka tambaya ko jirgin ƙarƙashin teku ne ya harbe shi. A'a, kuma nan ne da yawa ke kuskure. Nakiya ya ci karo da ita ranar 27 ga Oktoba 1914, a tekun da ke arewacin ƙasar Ayalan, wadda jirgin Jamus mai suna Berlin ya dasa.

Jirgin fasinja Olympic, ɗan'uwan Titanic, ya yi ta ƙoƙarin jan Audacious, igiya na tsinkewa. Da dare Audacious ya kife ya fashe, bayan an kwashe mutanensa kaf.

Abin mamaki, gwamnatin Birtaniya ta ɓoye labarin har Nuwamba 1918, alhali fasinjojin Olympic sun ɗauki hotuna. Don haka kada ka dogara da jaridun Ingila na lokacin. In aikin makaranta ne, kai wa malamin tarihi ya duba maka.