Ku yi sana'ar, amma kada kuɗin ya shiga asusun mutum ɗaya

Wa'alaikumus salam ɗan uwa. Wallahi da na karanta tambayarka sai na ji kamar labarin unguwarmu kake bayarwa. Ka ce matasan ƙungiyarku na son sayar da zoɓo da kunun aya da ƙanƙara a azumin bana domin ku biya wa marayu kuɗin NECO ku kuma gyara kwalbatin bakin masallaci, amma dattawa sun ce wahalar banza ce, gara ku buga kalanda ku gayyato 'yan siyasa su ƙaddamar. Kana tambaya ko akwai wanda ya taɓa gwadawa. Mun gwada a nan Kano, kuma har gobe muna yi. Ku yi. Sai dai ka saurari abin da ya same mu tukuna.

Maganar kalanda ba zan tsaya a kanta ba, kowa a nan ya san yadda take ƙarewa. A haya rumfa da kujeru da lasifika, babban baƙo ya aiko wakili, wakili ya yi alkawarin kuɗi mai kauri a gaban jama'a, a yi tafi, sannan ku shekara kuna sintiri a ƙofar ofis. Ko an ba ku, me yaro ya koya ban da jiran na wani?

Mu a azumin 2023 muka fara, kuma ka tuna yadda shekarar ta kasance. An canza fasalin naira, takardar kuɗi ta ɓace, mutum da kuɗinsa a banki amma ba ya iya sayen ƙosai. Duk da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a farkon Maris cewa tsofaffin kuɗi su ci gaba da aiki, har aka ga wata a ƙarshen watan hannun mutane bai saki ba. Don haka yawancin cinikinmu tiransifa ne. Ƙungiya ba ta da asusun banki a lokacin, sai wani bawan Allah da muke kira uban ƙungiya, dattijo mai shago da mota, wanda ba ya rasa sahun gaba, ya ce a riƙa turawa cikin nasa, bayan Salla ya cire mana gaba ɗaya. Wa zai yi masa musu? Da yawanmu a gabansa aka haife mu. Muka rubuta lambar asusunsa a jikin kwali muka liƙa a kan kula.

Yara sun yi aiki, Allah shaida. Da azumi a bakinsu, da wannan zafin na Maris da Afrilu, suna ɗauko ƙanƙara a kan baro tun la'asar, buhu na ɗiga a ƙafafunsu. Iyayenmu mata suna tafasa zoɓo tun hantsi ba su karɓi ko sisi ba. Salla ta wuce, muka je da littafinmu. Ya ce mu dawo bayan sati. Muka dawo, ya ce netiwok. Muka dawo, ya ce ya yi tafiya alhali motarsa na fake a ƙofar gida. Ranar da ba zan manta ba, mun tsare shi zai fita, ni da sakatare da wani yaro maraya da aka yi wa alkawarin kuɗin jarrabawa, ya sauke gilashin mota kamar tsawon yatsa uku, ko kashe injin bai yi ba, ya ce wai ashe ba mu da tarbiyya, a kan 'yan canjin zoɓo za mu riƙa yi masa zarya kamar ya ci bashin banki. 'Yan canjin zoɓo! Yaron nan yana tsaye yana ji. Ya sunkuyar da kai yana murza bakin rigarsa, bai ce uffan ba, kuma daga ranar bai sake zuwa taro ba sai da muka bi shi har gida.

Abin da ya fi ƙona min rai ba kuɗin ba ne. Da maganar ta kai gaban mai unguwa, sai aka juya ta koma kanmu, wai mun ci mutuncin babba. Wasu da suka sha zoɓonmu bashi su ne kan gaba wajen cewa a yi haƙuri a bar wa Allah. A ƙarshe ya biya wani abu a gutsure, ya ce sauran an ci shi a cajin banki. Har yau muna gaisawa, ina durƙusa masa kamar yadda aka koya min, amma zuciyata ba ta huce ba, kuma ba zan yi maka ƙarya in ce ta huce ba. Kuɗin yaron kuwa karo-karo muka yi daga aljihunmu.

Saboda haka kafin ku sayi ko kwano ɗaya na zoɓo, ku yi rajistar ƙungiya, ko da ta ƙaramar hukuma ce, ku tambayi banki takardun da suke buƙata, ku buɗe asusu da sunan ƙungiya mai sa hannun mutum biyu ko uku. In lokaci ya ƙure muku, to kowane dare bayan tarawihi a ƙirga kuɗi a gaban mutane, a rubuta, a ɗauki hoton shafin a tura wa kowa a WhatsApp. Mai riƙe kuɗi daban, mai riƙe littafi daban. Kada kunya ta hana ku. Babba ya ba da shawara da albarka, ya tsaya nan.

Kan kayan kuma, ku fi ƙarfi a zoɓo. Yana da haƙuri, in ya ji citta da kanumfari kuma ya samu sanyi yana kaiwa gobe. Kunun aya ba ya yafiya, wuta ta ɗauke na 'yan sa'o'i ya yi tsami, ga aya da dabino da kwakwa duk kuɗi ne. Ku yi shi kaɗan, na waɗanda suka yi oda. Zoɓo da aya ku saro a Dawanau, sukari a kasuwar Singa, kada ku saya a shagon unguwa kwano-kwano, nan ribar take zurarewa. Kuma kada ku dogara da janareta. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, daga nan ma ba ta tsaya ba, duk wanda ya ce zai daskarar da ƙanƙara da fetur don ya samu riba yaudarar kansa yake. Ku nemi mai firiza na sola ku yi yarjejeniya a rubuce, ko ku sari bulon ƙanƙara ku fasa.

Robobi kuma don Allah a wanke da ruwan zafi da sabulu, ko ku sayi sababbi. Mutum ɗaya ya yi gudawa bayan buɗa-baki, sunanku ya ɓaci a unguwa gaba ɗaya. Kuma ban yarda a ɗora wa ƙananan yara mata talla su shiga tasha da magariba da sunan aikin ƙungiya ba. Teburi ɗaya a bakin masallaci, ɗaya a bakin titi, samari su tsaya. Wannan maganar tallar 'yan mata ma wata rana sai mun zauna a kanta a nan, domin abin da nake gani a kan titi da daddare ya isa.

Dattawanku da suka ce ɓata lokaci ne, ka ce musu su zo su ga yaranmu. Akwai wanda da farko ko canjin naira 500 ba ya iya bayarwa sai ya ƙirga da yatsu, shi muka ɗora a kan littafi dole, yanzu yana da rumfar POS tasa. Akwai wani mai kunyar tsiya, in ka yi masa magana ƙasa yake kallo, shi ne yanzu yake zuwa Dawanau ya zura hannu cikin buhu ya duba ko zoɓon ya bushe ko an yayyafa masa ruwa don ya yi nauyi, ya yi ciniki da dillali har dillalin ya gaji. Sun koyi bambancin uwar kuɗi da riba, sun koyi cewa ciniki mai yawa ba shi ne riba ba, sun koyi hana abokinsu bashi ba tare da an ɓata ba, wanda ni a ganina ya fi komai wuya. Kuma yaron da ya yi gumi a kan kuɗin kwalbati ba ya barin kowa ya zuba shara a cikinta.

Bashi, tunda na ambata: babu. Ko limami ne. In kuna son yin sadaka ku ware robobi goma kullum ku rubuta su a matsayin sadaka, kowa ya sani.

Kada kuma ku ɗauki buri biyu a shekarar farko. Ribar zoɓon wata ɗaya ba za ta biya NECO ta kuma sayi siminti da rodi ba. Ku zaɓi jarrabawar tunda tana da wa'adi, ku liƙa rasit a allon masallaci ba tare da sunan yaran ba, don kada a tozarta su. Kwalbati ku bar ta zuwa Babbar Salla, ku bi gida-gida ku roƙi fatun layya kamar yadda 'yan agajin Izala suke yi duk shekara. Ku tanadi gishiri tun kafin ranar, a barbaɗa a cikin fatar da zarar an feɗe, in ba haka ba kafin ku kai wa masu saye a Ƙofar Wambai ta fara wari an karya muku farashi. Amma ku fara tambaya ko masallacinku ya riga ya saba karɓa, kada ku jawo rigima a kan fatar rago.

In kana son ganin yadda muka tsara littafinmu, yi min magana ta akwatin saƙo in ɗauko maka hoton shafi ɗaya. Layi huɗu ne kawai: abin da aka saro, abin da aka sayar, abin da ya lalace, da abin da ya rage.