Ruwa ya zube, tulu na nan

Tambaya: Malam, na zuba kuɗi a wata harka da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, kullum ƙarawa nake don in ceto na baya. Yayana ya ce mini, "In ruwa ya zube ya bar tulu, ya yi kyau." Me yake nufi?

Cewa yake ka tsame hannunka. Ruwan shi ne abin da ya riga ya tafi, tulun kuwa abin da ya rage na uwar kuɗinka. Mai tulu gobe ma zai koma rafi. Wanda ya durƙusa yana kwasar ruwa daga ƙasa laka zai tara, kuma garin haka yana iya ture tulun.

Tunda ka taɓo nan, bari in amayar da abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Mutanen yanzu sun cakuɗa asara da faɗuwa da karyewa kamar abu guda ne. Asara aro ce daga Larabci, khasara, shi ya sa wasu ke cewa hasara, kuma duka daidai ne. Ta haɗa gobara da sata da rashin rai. Faɗuwa ta ciniki ce kawai: ka sayar ƙasa da yadda ka saya. Karyewa ita ce babbar, jari ya ƙare ƙurmus. Kwanaki na ji wani saurayi yana kukan ya karye don ya sayar da wayar da ta ba shi matsala da ragi, alhali kuɗin na aljihunsa. Faɗuwa ya yi, yaro. Ka kuma lura da hikimar 'yan kasuwa: saiwa ɗaya ta ba su karyar da karye. Sukan karyar da kaya, wato su sake shi da araha, don kada su karye. Abin da yayanka ke nema ka yi ke nan.

Tambaya: Da mugun rawa ake cewa ko da muguwar rawa, gara ƙin tashi?

Duka biyun ana faɗa. Wasu na ɗaukar rawa mace, wasu kuma namiji. Kuma wanda bai tashi ba ake gaya wa wannan. Wanda ya riga ya shiga fili, garin gyaran gira a rasa ido ake tuna masa.

Tambaya: Mene ne kwantai?

Kayan da aka kasa suka ƙi sayuwa, aka koma da su gida.