Tambaya da Amsa: Me Yaran Yahudawa Suke Karantawa a Ƙaramar Sakandare?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malama ce a wata makaranta da ke unguwar Gwale a birnin Kano, wadda ta haɗa boko da Islamiyya, kuma 'yan ƙaramar sakandare nake koyarwa. Na ji an ce Yahudawa mazauna Amurka suna da makarantun jeka-ka-dawo masu irin wannan tsari. Ina roƙon a yi mini bayanin abin da sa'annin ɗalibaina suke karantawa a can, da yadda ake raba musu lokaci tsakanin addini da sauran darussa.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Abin da kika ji gaskiya ne, kuma tsarin ya daɗe, domin makarantar Ramaz ta birnin New York tun 1937 aka buɗe ta. Matakin da kike tambaya a kansa shi ne aji 6 zuwa 8 a lissafin Amurka, wato yara 'yan shekara 11 zuwa 14. A galibin makarantun ana raba yini gida biyu, wani sashe na karatun addini, wani na darussan zamani, saboda haka yaran sukan daɗe a makaranta fiye da takwarorinsu na makarantun gwamnati. Ranar Juma'a kuwa da wuri ake tashi, musamman lokacin sanyi, domin hutun Asabar yana shiga ne da faɗuwar rana.

Darussan zamani ba su da bambanci sosai da na sauran makarantun ƙasar: Turanci, lissafi, kimiyya, tarihi da ilimin zaman jama'a. Sashen addini ne ya fi cancantar a tsaya a kansa.

Ginshiƙinsa harshen Ibrananci ne, mai baƙaƙe 22, wanda ake rubutawa daga dama zuwa hagu kamar Larabci. Harsunan biyu 'yan uwan juna ne, shi ya sa yaron da ake koya wa cewa kalmomin rubutu suna fitowa ne daga tushe mai baƙaƙe uku, aiki iri ɗaya yake yi da ɗalibinki mai tasrifin kataba da yaktubu. Da wannan harshe suke karanta Tanak, tarin littattafansu 24 da suka haɗa da Attaura mai littattafai biyar, da littattafan annabawa, da sauran rubuce-rubuce irin su Zabura. Ba hadda kaɗai ake nema daga gare su ba. Ana haɗa musu nassi da sharhin Rashi, malamin da ya rayu a Faransa daga 1040 zuwa 1105, sannan a tambayi yaro abin da ya shige wa malamin duhu a cikin ayar har ya ga tana bukatar sharhi.

A waɗannan shekaru ne kuma ɗalibai da yawa suke shiga Mishna, kundin hukunce-hukunce mai sassa shida da aka harhaɗa wajen shekara ta 200 miladiyya, daga nan su tsallaka zuwa Talmud, wanda ke tattauna Mishnar da harshen Aramiya gauraye da Ibrananci. Babin da aka saba farawa da shi a makarantu da dama shi ne babin tsintuwa. Hukuncin da ke ciki ya ce wanda ya tsinci kuɗi a warwatse a kan hanya sun zama nasa, tunda babu alamar da mai su zai kawo, kuma an ɗauka ya riga ya fid da rai. Amma wanda ya tsince su a cikin jaka wajibi ne ya yi cigiya. Ana zaunar da yara biyu-biyu, tsarin da suke kira habruta, ɗaya ya karanta da ƙarfi, ɗaya ya tare shi da tambaya: to idan kuɗin a jere suke ɗaya bisa ɗaya fa, jerin ba alama ba ne? Haka ajin zai ɗauki hayaniya, malami yana zagawa yana saurare. A ganina, a nan ƙarfin waɗannan makarantu yake, domin yaron da ya saba kafa hujja daga nassi yana ɗan shekara 12 ba zai sha wahala ba idan aka ce ya kare amsarsa a darasin tarihi ko na lissafi.

Akwai wuraren da sassan biyu suke haɗuwa. Kalandarsu ta wata ce, amma ana daidaita ta da shekarar rana ta hanyar ƙara wata na 13 sau bakwai a kowace shekara 19, don kada bukukuwa su kauce wa lokutansu, kuma wannan lissafi ne tsantsa. A darasin tarihi sukan karanta rayuwar Musa bin Maimun, likita kuma masanin shari'arsu, haifaffen Kurɗuba ta ƙasar Andalus (Sifen a yau) da ya rasu a Masar a 1204, wanda ya yi yawancin rubuce-rubucensa da Larabci. Sukan kuma karanta kisan ƙare-dangin da 'yan Nazi suka yi wa Yahudawa kimanin miliyan 6 a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da tarihin Isra'ila, wanda kowace makaranta take koyarwa daidai da ra'ayinta.

Shekarun balaga ma a wannan mataki suke faɗowa. Namiji yana zama mukallafi a shekara 13, mace a 12, ko 13 a wasu ɗariƙun, shi ya sa yara da yawa suke koyon rera karatun Attaura don ranar bikinsu. Sai dai a lura cewa makarantun ba ɗaya suke ba: masu tsananin riƙo da al'ada suna raba maza da mata kuma suna ba Talmud kaso mafi girma, wasu kuwa suna haɗa su aji guda suna fifita harshe da tarihi.

Idan kina son gwada wani abu daga ciki, Malama, ba sai kin je nesa ba. Risala ta Ibn Abi Zaid tana da nata hukuncin tsintuwa, inda aka ce a yi cigiya shekara guda. Ki zaunar da ɗalibanki biyu-biyu, ki ba su matsalar wanda ya tsinci jakar kuɗi a Kasuwar Kurmi, ki bar su su fito da hukuncin daga nassin da kansu kafin ki yi musu gyara.