Rawar jiki da zufa bayan fara maganin ciwon sukari

Ɗan'uwa, Allah ya ba Inna lafiya. Ka ce tun da aka ɗora ta kan magani nan Tahoua, da hantsi sai ka ga tana rawar hannu, zufa na karyo mata, ƴan gida suna cewa zafin gari ne. Ni ina zargin sukarinta ke faɗuwa, musamman idan ƙwayar maganin sukari mai suna glibenclamide take sha ko allurar insulin, kuma ba ta karya kumallo da kyau. Metformin, wani maganin sukarin, shi kaɗai da wuya ya yi haka.

Ku auna sukarin jininta a lokacin da abin ya taso. In na'urar awo ta nuna ƙasa da 0,70 g/L (giram a lita), ya faɗi. In babu na'urar awo, kada ku tsaya jira: a jiƙa ƙwayar sukari 3 a ruwa ta sha, ko rabin kofin lemun kwalba mai zaƙi. Bayan minti 15 a sake dubawa, in ba ta dawo daidai ba a ƙara. Ta warware, sai ta ci abinci mai riƙe ciki, ko tuwo ko burodi.

Abin da ya fi damuna shi ne tsofaffi ba kullum suke rawar jiki ba. Wata sai dai ta rikice, ta yi ta faɗa ba dalili, ko magana ta sarƙe, a ɗauka iska ce. In ta suma, don Allah kada a ɗura mata komai a baki, tana iya shaƙewa. Ku kwantar da ita ta gefe, ku garzaya asibiti.

Ta ƙulle sukari a bakin zane duk inda za ta. Ku koma wurin likita cikin makon nan, wataƙila maganin ya yi mata yawa, amma kada ku tsayar da shi da kanku.